Nata'ala da Sarkin da Aka Fille wa Kai

Duk ɗan Najeriyar da ya zauna unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira a waɗannan shekarun ya san Malam Nata'ala Maikano, ko da bai riƙe sunan ba. Dogo ne siriri, yana ɗan ranƙwafawa in yana tafiya, kamar mai neman abin da ya faɗi. Bene ɗaya muka zauna, shi da iyalinsa a hawa na biyar, mu gwauraye 'yan makaranta a ƙasansa. Shi ya samo mana gidan ma lokacin da muka zo.

Mutumin Funtuwa ne. Karatun Larabci da addini ya kawo shi Alƙahira kamar kowa. Da ya gama digirin farko, maimakon ya bi fiƙihu ko tafsiri, sai ya koma wata jami'ar ya shiga sashen tarihi. Aka yi ta mamaki. Da aka ji abin da zai rubuta kundin digiri na biyu a kai kuwa, mamakin ya koma dariya. Wai yaƙin basasar Ingila na shekaru ɗari uku da wani abu da suka wuce, lokacin da majalisar ƙasar ta kafa runduna ta yaƙi sarkinta, ta kama shi, aka yi masa shari'a, aka fille masa kai a gaban jama'a.

Na taɓa tambayarsa, "Malam, ina ruwan Bahaushe da sarkin Turawa?"

Ya ce, "Habu, ba sarkin ne ya dame ni ba. Sojojin ne."

Sai ya ba ni labarin mahaifinsa. Maikano tela ne, ɗan Sawaba tun zamanin En'e. A wani gari da ya zauna yana saurayi, an taɓa yi masa bulala a tsakiyar kasuwa don ya ƙi zubewa ƙasa ya gai da mai sarauta. Har ya rasu tabon yana bayansa. Nata'ala ya ce ran da malaminsu Dakta Haisam ya karanta musu a aji yadda ƙananan sojojin majalisa, manoma da masaƙa da dukawa, suka zauna da manyan hafsoshinsu a cikin wata majami'a suna gardama ko mutumin da bai mallaki gona ba yana da bakin zaɓen wanda zai mulke shi, sai ya ji kamar a shagon babansa yake zaune. A ranar ya bi Daktan har ofis. Dakta Haisam, Bamisire ne mai furfurar gashin baki, ya dube shi ya ce ya amince zai duba masa aikin. A lokacin, ƙarshen shekarar 2010, ba wanda ya ga aibun batun. Tsohon zance ne na wata ƙasa mai nisa.

Abincinsa kuwa a asibitocin unguwar Dokki yake samu. Marasa lafiya daga gida, masu ciwon ƙoda da masu ciwon ido, shi yake tarbo su, ya sama musu masauki, ya tsaya tsakaninsu da likita yana tafinta. Matarsa Awadiyya Bahaushiyar Sudan ce, daga Niyala. Yaƙi ya koro ta da gwaggonta, gwaggon ta rasu a nan. Ba ta da fasfo, sai katin 'yan gudun hijira, wanda yake ba ta damar zama a Masar amma ba ya fitar da ita ko'ina. Takardunta suna ofishin masu kula da 'yan gudun hijira, ana ce mata ta jira.

Tana da tsohon ciki aka fara zanga-zangar watan Janairun 2011. Aka yanke waya da intanet, 'yan sanda suka ɓace daga tituna, samarin unguwa suka tare hanyoyi da duwatsu da sanduna. Gwamnatinmu ta aiko jirage a kwashe mu. Ni ban samu gurbi ba. Shi kuwa an kira sunansa. Ina falonsu na zo aron gas, na ji yadda suka yi.

Awadiyya ta ce, "Malam, ka tafi. In gari ya lafa ka dawo. Ni wannan ba shi ne na farko ba."

Ya ce, "In je in ce wa Inna me? Na baro matata da ciki a gidan haya?"

"Ka ce mata ni na ce ka tafi."

Ya yi dariya, ya ce ba ta san Inna ba ne. Jirgi ya tashi ba shi. Ba a yi wata biyu ba ta haifi mace, aka sa mata Mahasin.

Da shugaban ƙasar ya sauka, gari ya zama wani iri. Kowa magana yake, direban ƙaramar bas da mai sayar da burodi duk sun zama 'yan siyasa. A jami'a ɗalibai suka fara neman duk wanda ya san yadda wasu al'ummu suka yi da masu mulkinsu. Dakta Haisam ya ce Nata'ala ya fito ya yi musu bayani a babban ɗakin lacca. Muka raka shi. Ɗakin ya cika har bakin taga. Ya tsaya cikin farar kaftani da hular zanna, yana Larabcin littafi da harshen Katsinanci a ƙarƙashinsa. Ya faɗi yadda sarkin ya ce Allah ne ya naɗa shi, ba mahalukin da zai tuhume shi. Yadda sojoji suka rubuta buƙatunsu, a riƙa zaɓe a kai a kai, doka ta hau kowa, kada a tilasta wa mutum a kan addininsa. Da ya zo kan ranar sanyin da aka fito da sarkin gaban fadarsa, ɗakin ya ɗauki tafi da kabbara.

Sai wata ɗaliba mai tabarau ta ɗaga hannu. "To ya Ustaz, daga nan me ya faru?"

Shi ba ya iya rage magana in an tambaye shi. Ya ce babban kwamandan rundunar ya sa an harbe wasu daga cikin sojojin da suka nace a kan buƙatun nan. Bayan 'yan shekaru ya shiga majalisa da dakarunsa ya kore ta, ya yi mulki har ya mutu. Daga bisani mutane suka gaji, suka aika wa ɗan sarkin ya dawo ya hau gadon ubansa.

Wani saurayi ya miƙe daga baya ya ce, "Can Ingila ne! Nan soja da jama'a hannu ɗaya ne!" Aka tafa masa.

Nata'ala ya ce, "Ni ba duba nake yi ba, ɗan'uwa. Tambayata aka yi."

Muka dawo gida muna yi masa tsiya, wai ya zuba wa biki ruwa. Ba mu lura ba ashe wani ya ɗauke shi a waya.

Ya ƙarasa rubutun a shekarar 2012. Abin da ya rage shi ne munaƙasha, wato zaman da malamai za su yi masa tambayoyi a kan kundin su ba shi sakamako. Aka sa rana, yajin aiki ya ɗage ta. Aka sake sawa, aka rufe jami'a saboda zaɓe. Duk Juma'a yana kiran mahaifiyarsa, Inna Dije, ita kuma tambayarta ɗaya ce, yaushe zai kawo mata jikarta. Shi kuma amsarsa ɗaya, bayan munaƙasha. Bakinta bai kama kalmar ba, sai ta riƙa cewa, "Wannan munaƙisa taka ba ta ƙarewa ne?" Yana ba mu labari yana dariya.

Sai ga bazarar 2013. Soja suka karɓe mulki. Masu adawa suka yi zaman dirshan a wani dandali a cikin Nasr City, ba nisa sosai da mu. Ran da aka tashe su, da hantsi muka hau rufin bene muna ganin hayaƙi yana tashi, jirage masu saukar ungulu suna shawagi. Aka sa dokar hana fita. A cikin wannan ruɗanin wani ya tono tsohon bidiyon nan, ya yanke daidai inda Nata'ala yake faɗin abin da kwamanda ya yi wa majalisa, ya watsa shi, wai ga Ba'afirken da ya hango abin tun shekara biyu. A shagon aski aka nuna masa kansa. Ya dawo gida fuskarsa ta yi toka.

Da aka buɗe jami'a ya je bai sami Dakta Haisam ba. An ce ya tsaya wa wasu ɗalibansa da aka kama, shi ma aka tafi da shi. Ko da aka sako shi daga baya, ba a bar shi ya sake taka harabar makarantar ba. Nata'ala ya shiga wurin sabon shugaban sashe. Mutumin ya tashi ya rufe ƙofa kafin ya zauna.

Ya ce, "Kai ne na bidiyo. Ka ji, ni ba ni da komai da kai. Amma ba malamin da zai sa hannu a kundin da ke ɗauke da kalmar juyin juya hali a bangonsa, balle na baƙo. Ma'alish, ka yi haƙuri."

"Ya Duktur, zancen fa na shekara ɗari uku ne."

"Na sani. Wanda zai karanta bangon bai sani ba."

Nan ƙulli ya ɗaure. Iƙama, wato izinin zamansa a ƙasar, ba ta sabuntuwa sai da shaidar cewa shi ɗalibi ne. Shaidar ba ta fitowa sai da sa hannun mai duba aikinsa. Mai duba aiki kuwa babu. Ya yi ta zarya tsakanin ofisoshi har iƙamar ta mutu a aljihunsa. Bai daina zuwa Dokki ba, don ba yadda zai yi, amma duk shingen 'yan sanda da mota ta doso sai ya sunkuyar da kai yana addu'a.

A farkon 2014 aka sauke shi a wani shinge, da azahar, yana hanyar asibiti. Aka duba fasfo, aka zazzage jakarsa. Akwai wani littafin Turanci a ciki, da zanen mutum a durƙushe, wani ya ɗaga gatari a kansa, taro na kallo. Aka wuce da shi. Ya ce hafsan da ya yi masa tambayoyi saurayi ne, mai ladabi ma, yana juya littafin yana cewa, "Wane sarkin kuke son kashewa?"

"Ya Basha, wannan ya mutu tun kakannin kakanninmu ba su zo duniya ba."

"To me ya sa kake yawo da shi? Wa ya turo ka? Wa yake biyan ka?"

Ya kwana a ɗakin da ba wurin miƙe ƙafa, tare da Sudanawa da 'yan Siriya da ɗaliban Masar. Awadiyya ta goya Mahasin, muka yi ta bin ofisoshin 'yan sanda ana cewa ba a san shi ba. Wanda ya gano inda yake, Malam Ayuba ne, wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu, mutumin Zonkwa, wanda Nata'ala ya taɓa yi wa matarsa tafinta a asibiti. Shi ya yi ta kai da komo har aka sako shi bayan mako guda da 'yan kwanaki. A mota ya gaya masa gaskiya. Ya ce, "Malam, wannan karon Allah ya taimaka. In aka sake kama ka ba iƙama, jirgi za a sa ka. Wanda aka fitar ta wannan hanya kuwa, dawowarsa sai ikon Allah."

Daga ranar duniyar Nata'ala ta tsaya a Hayyin Ashir. Iyakarsa masallacin ƙasan bene, sai kasuwar kayan miya, sai ya juyo. Babban titi bai ƙara tsallaka shi ba. Marasa lafiyarsa suka koma hannun wasu. Awadiyya ta ɗauki gidan a kanta. Da safe ta yi kisra, wainar Sudanawa mai faɗi, ta kai shaguna, da yamma ta bi gidajen biki tana yi wa amare lalle. Shi yake zama da Mahasin, ya yi mata wanka, ya dama mata koko. In na hau gaishe shi, sai in same shi a bakin taga, yarinyar tana barci a cinyarsa, yana kallon rufin gidaje da tarin faya-fayan dish har zuwa inda yashi ya fara. Kundin yana saman kwaba a cikin leda. Karatu ma ya daina. Mutumin da in ya fara zancen sojojin nan sai an ja shi salla, ya koma in ka ambaci Ingila sai ya ce, "Khalas, a bar zancen, Habu. Wane labari daga gida?"

Wani lokaci yakan yi wa Awadiyya faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, gishiri ko buɗe taga. Muna jiyowa daga ƙasa. Can kuma sai mu ji shiru. Ta taɓa ce mini a matakala, tana ɗauke da tiren kisra, "Ka riƙa hawowa, Habu. Mutum in ya rasa wanda zai yi wa gardama, da matarsa yake yi."

Ƙarshen shekarar yayarsa Maimuna ta kira, ta ce Inna ta kwanta, jiki ya yi tsanani. Ya nemi Malam Ayuba. Amsar ba ta canza ba: fita zai iya, amma ba wanda zai lamunce masa komowa, Awadiyya kuma ba ta da abin da za ta bi shi da shi. Ita ta sake cewa ya tafi, har ta sauko masa da akwati. Ya zauna a bakin gado yana kallon akwatin, ya kasa sa komai a ciki, ya kuma kasa mayar da shi. A ƙarshe ya kira gida, aka kara wa Inna waya a kunne.

Ya ce, "Inna, ina so in zo in gan ku."

Muryarta ta yi ƙasa sosai, amma ya ji ta. Ta ce, "Da yarinyar da uwarta?"

"A'a, Inna. Ni kaɗai."

"To zauna. 'Yar mutane ce, ba ta da kowa sai kai. Ni ina da Maimuna. Na yafe maka duniya da lahira."

Ba ta kai Juma'a ta gaba ba. Muka yi mata sallar ga'ib a masallacin ƙasan bene, mu da 'yan Nijar da Sudanawan unguwa. Aka ce ya shige gaba, ya girgiza kai. Awadiyya ta dafa shinkafa aka yi sadaka. Kwanakin zaman makoki yana zaune a tabarma yana amsa gaisuwa, idonsa a bushe.

Bayan wata biyu ko uku aka aiko masa daga jami'a. Wata tsohuwar farfesa ce, Daktora Ihsan, wadda ta koyar da Dakta Haisam kansa, ta yi ritaya amma tana zuwa jefi-jefi. Shi Dakta Haisam ɗin ne ya roƙe ta. Da yake Nata'ala ba ya iya fita, ita ta sa direbanta ya kawo ta har unguwar. Benen ya fi ƙarfin gwiwarta, suka zauna a wani shagon shayi a ƙasa. Ta ce ta karanta kundin duka, aiki ne mai kyau, kuma ba zai wuce ba. Amma babin farko, inda ya yi bayanin tattalin arzikin ƙasar kafin yaƙi, ana iya faɗaɗa shi. Cinikin ulu da tufafi a Ingila ta wancan ƙarni. In ya yarda, ita za ta sa hannu.

Ya ce, "Ya Daktora, gashin tumaki? Shekara nawa ina wannan aikin?"

Ta ce, "Ɗana, ina yarinya na ga sarkinmu ya hau jirgin ruwa ya bar ƙasar nan, babana yana kuka don murna. Na ga duk waɗanda suka zo bayansa. Abin da ka rubuta ba zai ruɓe ba. 'Yarka kuwa shekara mai zuwa makaranta take so."

Ya hau sama ya gaya wa Awadiyya. Ta ce ita ba ta san tarihi ba, amma ta san ta gaji. Washegari ya kira tsohuwar ya ce ya yarda.

Da sa hannunta ya fito, aka sabunta masa iƙama. Ya koma asibitoci yana neman tsofaffin hanyoyinsa, da rana tafinta, da asuba rubutu. Ya koyi sunayen tumakin Ingila da tashoshin jiragen ruwansu, yana yi yana tsaki. A kaka ta 2015 aka yi munaƙashar a wani ƙaramin ɗaki. Malamai uku, mu 'yan bene, sai Malam Ayuba da matarsa. Ba wanda ya ambaci sarki ko soja. Da aka faɗi sakamako Awadiyya ta rangaɗa guɗa irin ta Sudanawa har masinja ya leƙo. Ta raba zoɓo da biskit. Shi dai yana ta gaisawa da mutane yana cewa an gode.

A makon ya gane abin da ya manta. Tunda ya gama, ya tashi daga ɗalibi, iƙamar kuma ta ɗalibi ce. Takardun Awadiyya suna nan inda suke, ana ce mata ta jira. Ya koma wurin Daktora Ihsan, ya yi rajistar digiri na uku. Na tambaye shi a kan me. Ya ce cinikin ulu tsakanin Ingila da Holan.

A watan Disamba na gama nawa karatun na haɗa kaya. Ya raka ni filin jirgi. Muna tsaye a bakin ƙofar shiga ya ce in na samu hali in biya Funtuwa in gai da Yaya Maimuna, in ce mata kada a sayar da gidan, ɗakin da ke kusa da rijiya a bar masa shi. Na ce in ta tambaye ni yaushe zai zo fa?

Ya ce, "Ka ce mata ka bar mu lafiya."

Wayarsa ta yi ƙara. Wani dattijo ne daga Gombe mai ciwon ido, jirginsu ya sauka tun ɗazu, yana tsaye ya rasa inda zai nufa. Nata'ala ya ce masa, "Alhaji, ku tsaya nan inda kuke, kada ku bi kowa, ga ni nan." Ya miƙo mini hannu a gurguje, ya juya ya nufi ɓangaren masu sauka.